Zan tahi Kano da yarona ɗan shekara 15, ina zan kai shi banda gidan zoo?

Baban Khalifa, Gusau

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya aiki ya haƙuri da yanayi. Shawara nike nema don Allah. Yarona na hwari shekarunai 15, sun ƙare jarabawar aji ukku ta ƙaramar sakandare, kuma tun kahin su hwara na yi mai alkawali in ya dage zan tahi da shi Kano in na tashi sarin kaya Kantin Kwari, to yanzu sun ƙare ya tasa ni gaba kullum sai Baba yaushe, Baba yaushe. Matsalar ita ce ni Kanon da na sani daga tasha sai Kwari sai masauki sai masallaci, shekaru ina zuwa amma in ka ce in kai ka wani wurin kallo wallahi sai dai mu tsaya muna kallon juna. Uwarsu ta taɓa zuwa da su biki sunka je gidan zoo da Ado Bayero Mall, da na ce mai sai mu koma can sai yac ce wai shi ya girmi kallon biri. Yaron ga ba shi da hayaniya, waya ce dai ta cinye shi, amma shina da son ya kwance abu ya ga cikinai, rediyona ya sha wahala hannunai da sunan gyara, hitilar caji kuwa ba a magana duk wadda anka sawo gidan ga sai ta ga sukundireba. Kwana ukku ko huɗu za mu yi, kuɗi ba wasu masu yawa ba kun dai san yadda kasuwa take, kuma motar haya za mu shiga ba da tawa za mu ba. Ina son wuraren da ba kowa ka zuwa ba, inda zai gani ya ƙaru, ba inda za a zazzage mani aljihu a banza ba. Waɗanda sunka san gari ku taimaka.

Malam Ɗan Kaura

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa Khalifa albarka, ya sa a ga sakamako mai kyau. Ni mutumin Kaura Namoda ne amma koyarwa ta zaunar da ni Kano, ina Gwammaja, to bari in faɗi ɗan abin da na sani.

Kallon naku tun daga gida zai fara in ka so. In kun bar Gusau kun ɗauki hanyar Tsafe ai sai kun wuce Kwatarkwashi, to ka taɓa shi ka ce ya ɗaga kai daga wayar ya dubi dutsen nan. A yankin nan ne a 1903 rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta yi karo da sojan Turawa, nan Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Lokacin da Turawa suka faɗa wa Kano a watan Fabrairun shekarar Sarki Alu ba ya gari ya je Sakkwato, daga baya suka kama shi suka kai shi Yola sannan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Mutanenmu kullum suna wucewa ta wurin nan suna gyangyaɗi a mota, kaɗan ne suka san ƙarshen yaƙin Kano a ƙasar Zamfara aka yi shi. Kuma in direbanku ya biyo ta Gwarzo, ta Kabuga za ku shigo gari, wato ta gefen da Turawan suka fasa suka shiga. Ka ga ya samu labari tun a hanya, in ya je Gidan Makama ya ga hotunan zamanin sai abin ya zauna masa a kai.

Gidan Makama ɗin yana daura da gidan Sarki, kuma abin mamaki Kanawa da yawa ba su taɓa leƙawa ba, sai ɗaliban makaranta da aka kwaso a bas da Turawa 'yan yawon buɗe ido. An gina shi ne tun ƙarni na 15 don Muhammadu Rumfa yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463 ya gina gidan Sarkin da ake ciki har yau. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne. Shawarata kada ku yi ta zagaye ku kaɗai kuna karanta rubutun jikin bango, ka nemi ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zagaya da ku ka ba shi na goro, su ne suka san inda daɗin yake. Tunda ka ce yaron mai son ya ga yadda aka haɗa abu ne, ka tsayar da shi gaban sulke ya ga yadda aka sarƙa ƙananan zobban ƙarfe ɗaya cikin ɗaya har ya zama riga, ga lifidi ga kwalkwali, ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakunan, azara ce da ƙasa aka tanƙwara bakan gizo ba siminti ba rodi, ka tambaye shi me ya hana shi faɗowa, ka bar shi ya yi ta tunani.

Daga nan Kurmi ba nisa. Kai ɗan kasuwa ne amma na san ba ka shiga, don masu sari ba ruwansu da ita. Rumfa ne ya kafa ta, ya sarauci Kano har 1499, kuma nan fataken Sahara suke sauke kaya. Lunguna ne 'yan ƙanana wasu mutum biyu ba sa jerawa, ka shiga layin kayan doki ga sirdi ga linzami ga likkafa ga takubba, ka fita ka faɗa masu alluna da tawada da littattafai, can masu turare da kwalli, can dukawa suna ɗinkin fata a zaune. Za ku ɓata, kowa yana ɓata, ba komai ka tambayi kowa zai nuna maka hanyar fita.

Dala kuwa da sassafe ko bayan la'asar, kada ku kuskura da rana tsaka. Akwai matakala, hawan ba wuya ga yaro, kai ne dai za ka tsaya hutu. A sama zai ga gari gaba ɗaya, ga Goron Dutse can, ga koriyar ƙubbar masallacin cikin gari da hasumiyoyinsa, ya ga inda tsohon birni ya tsaya sabon gari ya fara. Labarin Barbushe da Tsumburbura ya sha ji a makaranta, abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne ƙarfe ne ya fara tara mutane a gindin dutsen nan, tama ake haƙowa ana narkawa tun kafin a yi sarautar Bagauda. Ku samu ɗan unguwa ya raka ku, kuma ku sauko kafin magariba.

In da sauran lokaci akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Baturen nan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ginin ƙasa ne mai zane, yanzu hukumar tarihi da al'adu ta jiha ce a ciki don haka ranar aiki za ku je. Ganuwa kuma wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, abin takaici an cinye mafi yawanta an yi shaguna da gidaje, ɗan abin da ya saura za ku gani in kun bi titin BUK, wato jami'ar Bayero, wajen Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya. Ka nuna masa tun tana nan.

Maman Ikram, Birnin Kebbi

Sannu Malam, Allah ya ƙara basira, ni kaina na ƙaru da zancen Kwatarkwashi. Amma Alhaji ka yi hattara, in ka ɗauki duk wanga jerin ka ɗora ma yaro ɗan shekara 15 a kwana ukku, rana ta biyu zai ce maka kai nai na ciwo. Malam malami na, shi ko ina ya ga bango sai ya karanta shi. Ni na kai ɗiyata gidan tarihin Kanta nan Argungu, tsohuwar hwada ce tun 1831, wuri mai kyau ƙwarai ga kayan yaƙi ga kayan su, ni ina ta mamaki ita ko tana bayana tana hamma tana tambaya ko akwai sabis. Yaran yanzu in ba hannunsu ya taɓa abu ba to ba su gan shi ba.

Shi ya sa ni marinar Ƙofar Mata zan ce ka sa gaba, kuma ka ba ta rabin yini kada ka yi mata leƙen minti goma. Mun je da ita wancan hutun da munka kai ma ƙanwata ziyara. Wurin bakin titi yake kusa da filin ƙwallon Sani Abacha, mutane na wucewa cikin adaidaita ba su ko kallon shi, an rubuta 1498 a ƙofar shiga. Ramuka na a ƙasa jere, masu zurfi sun hi tsayin mutum, da yawa sun bushe an daina aiki da su amma akwai waɗanda ke raye. Dattijon da ya karɓe mu ya nuna muna abin da ake zubawa, ruwa da baba da toka da katsi, a bar shi ya yi makonni shina tsima har kumfa ya taso sama, warin kuwa sai ka daure. Abin da ya kama ɗiyata shi na, ya tsoma hwarin ƙyalle ya hiddo, sai ga shi ya hito kore-kore ba shuɗi ba, ya riƙe shi cikin iska muna kallo da idonmu shina juyewa shina komawa shuɗi. Ya sake tsomawa ya sake hiddowa, yac ce haka za a yi ta yi, yawan tsomawa shi ka sa duhun launi, mai son baƙi-ƙirin sai an ɗauki sa'o'i. Yarinyar da ko kwano ba ta son wankewa sai ga ta durƙushe bakin rami ta naɗe hannun hijabi tana cewa Baba a ba ni in gwada. Ya ba ta safar roba ta yi da kanta, da munka koma gida ta je ta binciko wai iskar ce ke haɗuwa da baban shi ya sa launin ke canzawa, ta zo tana yi mani bayani da turancin kimiyya ni dai na ce to. Ka taho da hwarar riga ko hankici daga gida, auduga zalla banda mai roba don ba ta kamawa, ka yi ciniki da su ya rina abinai da kanai. Zanen da kake gani jikin zannuwan mata ka ɗaure shi da zare a cikin gida kahin a kawo rini, in an kwance zaren wurin ya hito hwari.

Kuma kada ku hita ba ku leƙa mabuga ba, nan kusa suke, za ka ji sautinsu ma kahin ka gan su. Maza zaune gaban gungumen icce da manyan guduma na icce suna bugun shadda har ta yi ƙyalli, bugun na tahiya tare ba mai shiga na wani. A ba Khalifa gudumar ya ɗaga, zai san ana cin kuɗin bugu da haƙƙi.

Sai abu ɗaya da nike ganin ya hi duk wuraren amfani. In kun shiga Kurmi ka ba shi kuɗi a hannu ka ce tsarabar uwarshi da ƙannenai a wuyanai take, kai ka koma gehe ka yi shiru. Za a cuce shi a na hwarko, ba komai, Kano ce ko da me ka zo an hi ka. Na biyu zai taya da kanai. Abinci kuma don Allah kada ka kai shi wurin kaza da dankalin da ko Gusau akwai, ka nema mai gurasa bandashe, ta sha ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa, wajen Jakara an san su da gurasa, ya ci ya kwatanta da hocen gida. Ruwan sha dai ku riƙe na gora.

Abba Mafara

Baba ina wuni. Ni ɗan Talata Mafara ne ina karatu a BUK, kuma ban daɗe da barin shekarun Khalifa ba don haka bari in faɗi abin da shi ba zai iya faɗa maka ba saboda kunya. Su Malam da Mama duk sun faɗi gaskiya amma yaron da ke kwance rediyo wurinsa Farm Centre ne, kasuwar waya ta Tarauni. Ba sayayya za ku je ba, ku wuce masu sayarwa ku shiga wajen masu gyara. Zai ga yara sa'anninsa da waɗanda suka ɗan girme shi zaune gaban tebur da mita da abin hura iska mai zafi da madubin ƙara girma, ana ɗaga sikirin ana cire wani abu da bai kai ƙwayar gero ba daga jikin allon waya a mayar da wani da dalma, wayar da aka ce ta mutu sai ka ga ta kawo haske. In kuna da wata tsohuwar waya a gida da ta lalace ku taho da ita, ka ba mai gyara ka ce yaro yana so ya kalla, yawanci ba sa hanawa in ka yi musu magana da mutunci kuma ba lokacin cunkoso ba, da safe ya fi. Ni abokina a haka ya fara, yanzu da gyaran yake biyan kuɗin makaranta. Akwai irin wannan a Beirut Road ma kuma ya fi kusa da Kwari in lokaci ya ƙure maka. In kuma ƙarafa yake so da injina to Ƙofar Ruwa, can ake farke mota a sayar da ita gunduwa-gunduwa, sai dai ya sa takalmi rufaffe don ƙasa duk ƙusa ce da baƙin mai.

Na biyu ka shigo da shi jami'a. Ba a cika sa ta a lissafin yawo ba amma ni abin da ya sa na dage a SS1 kenan, wani kawuna ya shigo da ni na ga ɗakin karatu na ga ɗalibai da fararen riguna suna fitowa daga ɗakin gwaji, na ce nan zan zo. Sabon mazauni yana kan titin Gwarzo za ku wuce ta gabansa in kuna shigowa, tsohon kuma yana wajen Kabuga. Ku zagaya sashen injiniya, ku ci abinci inda ɗalibai ke ci, ya ji irin hirar da ake yi.

In an dace ana kakar wasa kuma ƙungiyar ƙwallon Kano Pillars na wasa a gida to shi kenan ka gama da shi, filin yana manne da marinar da Mama ta faɗa, sun ci kofin gasar Najeriya a 2008 sannan sau uku a jere 2012 zuwa 2014, in fili ya cika ana sai masu gida ba irin kallon gidan kallo ba ne. Amma ku zauna ɓangaren rumfa kuma ku fita kafin a tashi, wani lokacin akan yi rikici. Akwai kuma dambe da yamma a Ado Bayero Square a Sabon Gari, ana karawa tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, mu 'yan Zamfara ai ba a gaya mana dambe.

Gargaɗi ɗaya Baba, ƙwacen waya gaskiya ne a garin nan ba labari ba. Kada ya zauna bakin adaidaita yana latsa waya, kada ya fito da ita a lungu ko bayan magariba, in zai ɗauki hoto ya ɗauka ya mayar aljihun gaba. Kuma ya tambayi mutane kafin ya ɗauke su, masu sana'a ba sa son a zo a ɗora musu kyamara ba sallama. Amma kada ka ƙwace wayar gaba ɗaya, ka sa shi ya zama shi ne mai duba Google Maps kafin ku fito daga masauki, ya faɗi unguwar da za a bi, shi zai tare adaidaita shi zai yi ciniki. Babu kabu-kabu a cikin Kano tun 2013 aka hana, don haka adaidaita ce abin hawanku, in kun ce shata kuɗin ya fi, in kun bi layi da sauran fasinja da sauƙi.

Direba Ɗan Tsafe

Alhaji duk wagga magana tasu mai kyau ta amma ni hanya nika bi, abin da zan ce ku hito da sahe, ba da asuba can da duhu ba kuma ba bayan azahar ba, ku shiga motar da za ta tashi rana ta hito, kada dare ya yi muku tsakanin Gusau da Funtua zuwa da dawowa duka, kowa ya san halin da ake ciki ba sai na yi dogon bayani ba. In kaya ba su kammala ba gara ku ƙara kwana.

Wurin kallo kuma ni ban san tarihi ba amma ka kai shi Dawanau kan hanyar Katsina. Wake da gero da dawa da waken suya da muke lodawa daga ƙauyukanmu can suka ƙarewa, ya ga tireloli jere ana lodin Nijar da Chadi da kudu, ya ga sito cike da riɗi da zoɓo da za a hidda waje, ya ga 'yan dako na hawa katako da buhu a ka. Yaron da ubanai ɗan kasuwa na ya kamata ya ga inda kuɗi ka juyawa. Ku sa takunkumi akwai ƙura.

Baban Khalifa, Gusau

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya raya muku zuri'a. Malam wallahi na hi sau nawa ina wuce Kwatarkwashi ban taɓa jin wanga labari ba. Na karanta mai duka jiya da dare, da anka zo wurin Farm Centre sai ya tashi ya shiga ɗaki ya hiddo wayoyi matattu har da ta kakarshi da muke ta nema tun bara. Hajiya zancen ba shi kuɗin tsaraba na karɓa, uwar ce dai ta ce in ya sawo mata abin banza ni zan biya. Dambe kam ta ce a'a ko da wasa, ƙwallo ta yarda. Abin da ya rage, Laraba za mu taso in sha Allah, Alhamis ina Kwari har la'asar, to Juma'a fa? Ina jin tsoron mu je mu tarar da wurare a ruhe.

Malam Ɗan Kaura

Hajiya ta yi mini adalci, na karɓa, a rage jerin nawa. Alhaji Juma'a ka yi haka, ku hau Dala da sassafe, ku sauko ku karya, marina ku je da hantsi don masu aiki suna tashi da wuri ranar. Sallah ku yi ta a masallacin cikin gari kusa da gidan Sarki, amma ku je tun kafin sha biyu da rabi in kuna son wuri a ciki, kuma ku je a ƙafa daga nesa kaɗan don hanyoyin wajen cushewa suke. Bayan an idar ku ɗan tsaya a filin Ƙofar Kudu ya ga dogarai da jajayen kayansu. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa kada ka bar su sai Juma'a da yamma, ma'aikatan gwamnati ne ba lallai ka same su ba, in za ka iya ka saci awa biyu ranar Alhamis da safe kafin kasuwa ta cika ya fi. Farm Centre da Dawanau Asabar suna ci sosai.

In kun sauko daga Dala kuna kusa da mu, gidan Malam Aminu Kano na Mambayya yana nan Gwammaja, jami'ar Bayero ce ke kula da shi, akwai ɗakinsa da 'yan kayansa da kabarinsa, ya rasu a watan Afrilun 1983. Minti talatin ya isa, ya ga inda mutumin da ya yi takarar shugaban ƙasa yake kwana.

Maman Ikram, Birnin Kebbi

Malam ka ce a rage kuma ka ƙara ɗaya. Alhaji rigar da za a rina a wanke ta tukuna in sabuwa ta, in da sitaci jikinta rinin ba ya kamawa daidai, kuma ku riƙe leda daban ta sa ta, kada ta haɗu da shaddodin da ka saro.